Ɗakin da Asta ta Zaɓa

A Madadi ta ƙasar Gwarzo, duk wanda ya zauna da Malam Datti tsawon shan kofin shayi ɗaya sai ya ji labarin otal ɗin Gawo Biyu. Ko da zancen taki aka fara, ko da ciwon gwiwa, sai ya san yadda ya yi ya karkato da hirar ta biyo ta ƙofar otal ɗin nan na Kano. "Otal ɗinmu" yake cewa, ko kunya babu, alhali ko bulo ɗaya ba shi da shi a ginin, kuma a wancan lokacin bai taɓa ɗora haƙarƙarinsa a kan gadon otal ɗin ba. Mutanen gari sun saba, sai su ƙyale shi ya yi ta zuba. Mutum ne mai daɗin baki, kuma ba ya ƙarya, sai dai hannunsa yana da nauyi wajen zuba gishiri.

Sunansa na yanka Abubakar. Sunan kakansa ya ci, shi ya sa uwarsa take ce masa Datti, sunan kuma ya bi shi har furfura. Ubansa Nata'ala manomi ne mai kiwon zabi, a hannunsa Datti ya koyi sanin ƙwai. Sai ya ɗaga ƙwai saitin rana, ya kanne ido ɗaya, ya gaya maka kwanansa nawa, kuma da wuya ya kuskure. Tun yana saurayi ya fara bin ƙauyuka da damina, Lakwaya, Kara, har cikin Kabo, yana tara ƙwan zabi. Ya jera su a kwando tsakanin ƙaiƙayi, ya rungume kwandon a cinya, ya hau babbar mota zuwa birni. In rani ya yi zabi sun ɗauke, sai ya koma kai 'yan shila da kaji.

A kasuwa ya haɗu da Shadrak, wani dogon mutumin Filato da ke kuku a Gawo Biyu. Shadrak ya tsaya a kan kwandonsa, ya zaɓi ƙwai goma daga wurare dabam-dabam, ya fasa su ɗaya bayan ɗaya a cikin kwano, Datti yana kallo ransa yana tafasa. Ba a sami bara-gurbi ko ɗaya ba. Shadrak ya goge hannu ya ce, "Daga yau kada ka ƙara kawo su nan. Can za ka riƙa kai mini."

Can ɗin kuwa tsohon gini ne tun na zamanin Turawa, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, mai kaurin bango da jan rufi da dogayen baranda. Yana da wani suna na Turanci a jikin allo, amma direbobi ba su taɓa wahalar da bakinsu da shi ba, da itatuwan gawo biyu na bakin ƙofa suke kwatance. Shekara ashirin da huɗu Datti yana zuwa gidan nan duk mako. Sai dai ta ƙofar baya yake shiga, inda ake shigar da gawayi a fitar da shara. Ya zauna a kan akwatin katako a bakin kicin, Shadrak ya haɗa masa shayi mai kauri da burodi, masu kai abinci ɗakuna suna wucewa suna ba shi labari. Daga bakinsu ya haddace gidan kaf: ɗaki mai gado ɗaya, da mai gado biyu, da mai ƙaton gado, da wanda ke da falonsa na manyan baƙi. Ya san wanda tagarsa ke kallon lambu, ya san wanda famfonsa ke gardama. Da idonsa kuwa, bai taɓa ganin komai ba sai bayan tagogi da zannuwan gado a kan igiyar shanya.

Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo. Baƙi suka ja baya, otal ya fara rage ma'aikata, aka koma sayen ƙwan gidan gona da ake kawowa kiret-kiret a mota. Wata Talata Datti ya iso da kwando cike, ya tarar da baƙuwar fuska a kicin. Aka ce masa an sallami Shadrak, ya koma garinsu, kuma ba a bukatar ƙwan zabi. Ko sallama ba su yi da abokin nasa ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Ya ɗauki kwandonsa ya kai kasuwa ya karyar, ya dawo gida ya rungumi fartanya. Otal ya fita daga rayuwarsa, amma bai fita daga bakinsa ba.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa bari gishirin nan ya wuce ta ba, ita ce matarsa Asta. 'Yar Kabo ce, kuma ƙwai ne ya haɗa su. Ya je saye gidansu, uwarta ta aiko ta da ƙwarya cike, sai ta ware guda uku gefe ta ce waɗannan ba na sayarwa ba ne, sun kwana biyu. Shi da ya saba a cusa masa ruɓaɓɓe a tsakiyar ƙwarya, sai ya tsaya yana kallonta. Bai ƙara wata uku ba ya tura manya. Aka ɗaura aure saura shekara biyu a sami 'yancin kai, da goro da fatiha da shaidu cike da ƙofar gida.

Asta mace ce mai ƙarancin magana, amma in ta saki ɗaya sai ka kwana kana juya ta. In Datti ya ɗauko labarin Gawo Biyu a tsakar gida, sai ta ci gaba da tankaɗenta, can ta ce, "Wannan ɗin dai da ake shiga ta wajen shara?" Sai ya harzuƙa ya ce, "Ki yi ta yi. Wata rana sai kin kwana a cikinsa, ta ƙofar gaba kuma." Ta ce, "Allah ya nuna mana, Malam."

Malam ɗin nan shi ne iyakarta. Irin matan da ne masu alkunya, tun ranar da aka kai ta sunan mijinta bai taɓa fita daga bakinta ba. Ba Abubakar ba, ba Datti ba, balle na surukinta Nata'ala. In za ta yi zancensa sai ta ce "shi", ko "mai gidan". Duk yaron da ke amsa Abubakar a unguwa, a wurinta Mai-suna ne. Jikokinta sun sha yi mata tarko, su nuna hoton katin zaɓensa su ce, "Inna, wane ne wannan?" Sai ta ce, "Ku tambayi wanda ya ɗauka." Datti kan yi dariya, amma a ransa abin yana yi masa daɗi, don ya san girmamawa ce, kuma ba kowa ke samun irinta ba.

Idonta na hagu ya daɗe da mutuwa, tun wata shekara da karan dawa ya soke ta wajen girbi. Da na dama ta raini 'ya'ya huɗu ta aurar. To shi ma sai yana ta fara rufe shi a hankali. Ta ɓoye abin kusan shekara guda, don ta san gidanta ko da lalube, har ranar da Datti ya ga tana tsiyaya ruwa a ƙasa, gefen randa, hankalinta kwance. Ya fita bayan gida ya tsaya, hankalinsa a tashe, don ya san ido ɗaya ya rage mata a duniya.

Shekarar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano aka sa musu ranar aiki a wani asibitin ido a birni. Ɗansu Mahbub, da ke aiki a Fatakwal, ya aiko da abin da ake bukata. 'Yarsu Rukayya ce za ta raka su ta yi jinya, sai haihuwa ta zo mata a makon. Haka tsofaffin nan biyu suka hau mota su kaɗai bayan sallar asuba.

Da hantsi aka yi aikin, bayan azahar aka fito da ita an naɗe idon da bandeji. Likita ya ce babu gadon kwana, su dawo gobe da safe a buɗe. Ya ɗaga yatsa ya ja wa Datti kunne: ban da hayaƙi, ban da sunkuyo, ban da doguwar tafiya a mota, kuma kada a bar ta ita kaɗai ko na minti ɗaya. In ta yi tuntuɓe ta faɗi, ko ta sosa cikin barci, aikin ya lalace, kuma babu wani idon da za a koma wa.

Suna da ɗan'uwa a Kurna, amma ɗaki ɗaya gare shi da yara bakwai, murhu kuma a bakin ƙofa. Datti bai ma tsaya dogon tunani ba. Ya tare tasi, ya gyara zaman hularsa, ya ce da direba, "Gawo Biyu." Yadda ya faɗe shi sai ka ce gidan ubansa ya ambata.

Da suka sauka sai wata matsala ta taso da bai yi tunaninta ba. Shekara arba'in da uku yana gaba tana baya da 'yar tazara, ba su taɓa jerawa a titi ba, balle riƙe hannu a gaban jama'a. Yanzu ga ta tsaye cikin duhu, ta ɗan miƙo hannu tana laluben iska. Ya waiga dama da hagu, sannan ya kamo gefen babbar rigarsa ya sa mata a tafin hannu. Ta damƙe. A haka suka shiga, yana faɗa mata, "Ga tudu, ɗaga ƙafa. Saura ɗaya." Gawo ɗaya ya rage a bakin ƙofar, ɗayan an sare shi, amma bai gaya mata ba.

Zauren karɓar baƙi ya fi yadda ya zata duhu, kujerun sun ɗan ƙoƙe, wajen da a da ake sayar da giya an garƙame shi da kwaɗo an jingina tabarmin sallah a jiki. Duk da haka sai da ƙirjin Datti ya buga. Ya zaunar da Asta a kujera, ya nufi kanta. A bayan kantar akwai wani mutum mai kimanin shekara talatin da 'yan kai, da farar riga da alƙalami a aljihu, an rubuta Lukuman a ƙirjinsa. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar mutanen gida da gajiyar hanya.

"Ɗaki muke so na kwana ɗaya," in ji Datti.

"To Baba, wane iri? Muna da singul, muna da dabul, akwai..."

Datti ya ɗaga masa hannu. "Ɗana, kada ka wahalar da kanka. Tun ba a haife ka ba na san gidan nan. Tsohon gini nake so, ƙasa, ba bene ba, don ba za ta iya hawa ba. Kada ka ba ni lamba bakwai, famfonsa ba ya jin magana."

Lukuman ya yi murmushi. "Lamba bakwai ai ya zama sito, Baba. Amma akwai ɗakuna a tsohon ginin. Mai fanka ko mai esi?"

"Fanka. Wancan sanyin na gawa ne."

"Mai gado biyu ko mai babban gado ɗaya?"

Nan bakin Datti ya ɗan sarƙe. A gida shi yana turakarsa, ita tana ɗakinta, kamar kowane gidan mutunci. Yaya za a yi ya buɗe baki a gaban ɗan cikinsa, Asta tana ji, ya ce babban gado ɗaya? Ya yi gyaran murya ya ce, "Mai biyu mana. Wace irin tambaya ce wannan?"

Lukuman ya jawo fom. "Suna?"

"Malam Datti Madadi." Ya zaro katin zaɓensa daga aljihu ya ajiye a kan kanta.

Lukuman ya duba katin, ya dubi tsohon, ya sake duba katin. "Baba, ba sunan da ka faɗa ne a nan ba."

"Wancan na yanka ne, wannan na kira. Duka nawa ne."

"To shi ke nan. Sai takardar aure."

"Takardar me?"

"Takardar aure, Baba. Oda ce daga manaja. Tun da aka fara Shari'a, mace da namiji ba sa shiga ɗaki ɗaya a gidan nan sai da shaida a rubuce."

Datti ya fashe da dariya, don ya ɗauka wasa ne. Da ya ga fuskar Lukuman ba ta motsa ba sai ya daina. Ya ce, "Ɗana, ka dube mu da kyau. Dubi furfurata, dubi baiwar Allah nan da ƙunshi a ido. Abin da kake tsoro, da wane ƙarfin za mu yi shi?"

Lukuman ya sunkuyar da kai. Ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Ya rage murya ya ce makon jiya aka kori abokin aikinsa, saboda wani dattijo mai furfura kamar wannan ya zo da wata ya ce matarsa ce, ashe ba haka ba, masu sa ido suka zo har cikin otal ɗin. Ya ce yana da 'ya'ya uku, kuma manaja ya tafi Zariya sai gobe. "In babu takarda, sai dai wani ma'aikacin gidan nan da ya san ku ya tsaya muku."

Fuskar Datti ta washe. "Ka ce kawai an gama. Ni ɗan gida ne. Shekara ashirin da huɗu ina kawo ƙwai." Ya fara jero sunaye: Shadrak kuku, da mai wanki, da mai lambu, da dogon nan mai kai abinci. Lukuman yana ta girgiza kai. Ya aika aka kira wanda ya fi kowa daɗewa a kicin, mutumin ya zo yana goge hannu, ya ƙare wa Datti kallo ya ce shi dai shekararsa tara a nan, bai san shi ba, amma Allah ya ba da lafiya. Ya koma bakin aikinsa.

Wannan ta shigi Datti fiye da zancen takarda. Gidan da ya yi shekaru yana ɗauke da shi a baki, ashe babu ko mutum ɗaya a ciki da ya san da zamansa. Kuma Asta tana zaune tana ji. Ya so ta yi masa irin maganar nan tata mai yaji ko ya samu ya yi faɗa ya huce, amma ta yi shiru, shirun kuma ya fi ciwo.

"Liman da ya ɗaura ya rasu," ya ce, muryarsa ta sauka. "Waliyyinta ya rasu, nawa ya rasu. Shaidun duk suna ƙasa. 'Ya'ya huɗu da jikoki goma sha tara, su ne takardar, kuma ba su shiga aljihu."

"Zan iya ba ku singul biyu," in ji Lukuman. "Na mata suna sama a sabon gini, na maza suna ƙasa ta wancan ɓangaren."

"In kwana a bakin ƙofarta fa? A ƙasa, ko tabarma ba na so."

"Maza ba sa hawa ɓangaren, Baba."

"Ba ta gani! Ko ɗigo ba ta gani. In ta tashi neman ruwa ta faɗi, kai za ka ba ta wani idon?"

Lukuman ya juya alƙalami a hannunsa. Ya dubi tsohuwar, ya ga yadda ta fara jingina kai da bango, allurar asibiti tana sakinta. Can ya ce, cikin murnar wanda ya samo mafita, "Akwai hanya ɗaya da manaja ya yarda da ita ga mutanen karkara. In matar ta faɗi cikakken sunan mijin da na mahaifinsa, ya zo daidai da kati, sai in rubuta na tantance." Ya ɗaga murya. "Inna, abu mai sauƙi. Mene ne sunan maigidanki da na babansa?"

Shi a ganinsa alheri ya yi. Ɗan birni ne, matarsa gatsau take kiran sunansa daga kicin, bai ga komai a ciki ba. Asta kuwa ta ja mayafi ta ƙara rufe fuskar da ma a rufe take.

"Inna?" Lukuman ya sake kira. Da ya ji shiru sai ya dubi Datti, kallon da ke cewa to ka gani.

Datti ya san kalma ɗaya zai faɗa. In ya ce, "Asta, faɗa masa, na yarda," wataƙila ta bi umarni. Ya buɗe baki, ya dube ta, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa a cikin ƙatuwar kujera. Abin da ta riƙe shekara arba'in da uku, ta tsare shi daga 'ya'ya da jikoki, shi ne zai sa ta zubar a gaban baƙo don ya cika bakin da ya yi? Tausayinta ya kama shi, ya ji kunyar kansa. Ya ɗauki katinsa, ya saɓa jakarsu, ya je ya tsaya a gabanta.

"Tashi mu tafi Kurna," ya ce. "Zan sa su kashe murhun, in zauna a kanki har gari ya waye. Otal ɗin ma ya lalace, ba kamar da ba." Ya kamo gefen rigarsa ya kai mata hannu.

Ba ta karɓa ba. Ita da ta san muryarsa fiye da tata, ta ji inda ta karye. Ta gyara zama, ta juya fuskarta wajen da ta ji muryar Lukuman, ta yi magana a hankali, amma kowace kalma ta fita.

"Abubakar. Abubakar ɗan Nata'ala, na Madadi. Uwarsa Datti take ce masa. Mijina ne tun kafin a haifi wanda ya kafa dokar."

Jakar ta zame daga kafaɗar Datti. Sunan nan ya ji shi a bakin malaman makaranta, da masu karɓar haraji, da ma'aikatan zaɓe, bai taɓa jin komai ba. Yau da ya fito daga bakin nan sai ya ji kamar yanzu aka raɗa masa shi. Ya zauna a hannun kujerar, ya cire hula ya mayar, ya rasa inda zai sa idonsa. Hawaye ya zubo masa, ya gode wa Allah da ba ta gani.

Lukuman ya karɓi katin ya duba, ya ce, "Daidai ne," yana murmushi. Sai ya ɗago ya ga fuskar tsohon, murmushin ya ɗauke. A lokacin ya tuna da kakarsa, wadda har ta koma ga Allah bai taɓa jin ta ambaci sunan kakansa ba. Ya zagayo daga bayan kanta, ya durƙusa a gaban Asta.

"Inna, ki yafe ni. Wallahi ban yi tunani ba."

"Tashi, ɗan nan. Aikinka kake tsarewa. Allah ya raya maka yaran."

Ya koma ya ɗauko makullai biyu ya riƙe, jikinsa a sanyaye. "Baba, mai gado biyun dai? Sai dai in gaya maka gaskiya, gadajen ɗaya yana wannan bango, ɗaya yana wancan, da tebur a tsakani, kuma na ƙarfe ne masu nauyi, ba sa jawuwa."

Datti ya share fuska da hannun riga, ya soma cewa, "E to, ai ba komai, mai biyun..."

"Ɗan nan," in ji Asta. Duka suka juya. "Ba mu wanda in na miƙa hannu zan same shi."

Lamba huɗu aka ba su, mai babban gado ɗaya, a tsohon gini. Ɗakin bai kai rabin yadda Datti ya yi shekaru yana kwatanta shi ba, fankar tana ƙara, labulen ya sha rana har ya koɗe. Bai ga laifin ko ɗaya ba. Ya zaunar da ita a bakin gado, ya cire mata takalmi, ya kawo ruwa ya taimaka mata ta yi alwala ba tare da ta sunkuya ba, ta yi la'asar a zaune. Lukuman ya aiko musu da shayi da ƙosai. Datti ya riƙa kai mata kofin baki, tana cewa ya cika sukari, yana cewa ita dai ba a iya mata.

Da safe likita ya warware bandejin a hankali. Asta ta yi ta ƙifta ido, hawaye yana zuba, sannan ta tsayar da kallonta a kan mutumin da ke tsaye ya ƙura mata ido ko numfashi ba ya yi.

"Malam," ta ce, "ashe haka ka tsufa?"

Ya yi hamdala har sau uku, ya kama hannun likita da hannu biyu. Sai da suka fito harabar asibiti ya matso kusa da ita ya rage murya. "Jiya kamar wani suna na ji an kira. Ban ji da kyau ba, kin san kunnen nawa."

"Jiya ba na ganin fuskarka," ta ce, ta ja mayafinta. "Nemo mana mota."

Ba ta sake faɗa ba, shi ma bai sake roƙo ba. Amma kwana biyu da komawarsu Madadi, Datti ya naɗe shimfiɗarsa ya fito da ita daga turaka, ya ratsa tsakar gida da rana tsaka, ya shigar da ita ɗakin Asta. Ya ce wa matar ɗansu, da ta tsaya da muciya a hannu tana kallo, rufin turakar ne yake yoyo. Tsakiyar rani ce, an fi wata huɗu ba a ga ɗigon ruwa ba. Babu wanda ya hau duba rufin.

Shekara biyar Asta ta ƙara tana ganin jikokinta da idonta, tana tsintar tsakuwa a shinkafa ba mai taya ta. Ranar da ciwon ajali ya kwantar da ita, da hantsi, ta miƙa hannu gefenta ba tare da ta buɗe ido ba, ta same shi a wurin. Bayan an yi sadakar bakwai 'ya'yan suka share turaka suka gyara, suka ce ya koma can ko zai fi samun sauƙin zuciya. Ya ce su bar shi inda yake, har yanzu rufin bai gyaru ba.